Agogon da Ka Sayo a Jidda

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, kabarinka ya yi maka yalwa da haske. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma labari ne ya cika mini ciki, na duba gabas da yamma ban ga wanda ya dace ya ji shi ba sai kai.

Na fita takaba lafiya. Katangar bayan gida da kake ta cewa za a yaɓe kafin damina, damina ta riga ka, ta kwantar da ita, yara sun tayar da ta bulo. Da kana nan da mun sha mita a kan yadda ginin ƙasa ya fi sanyi. Tunkiyarka ta haifi tagwaye. A masallacinmu na Mandawari kuwa, an ce har yanzu ba a sami mai riga ladan zuwa ba tun da ka tafi. To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar agogonka ce.

Ka tuna gardamarmu? Tun ina amarya kake cewa agogon nan ɗan asali ne, ƙirar Siwizalan, wani tsohon Balarabe ya sayar maka a Jidda a hajjinka na fari. Ni kuma ina cewa jabu ne, kama da wane ba ta wane, an dai ga baƙon alhaji an yi masa wayo. Laifinka ne ai, don labarin kullum ƙara girma yake. Yau Balaraben daga hannunsa ya kwance maka, gobe har hawaye ya yi da za su rabu. Wa zai yarda da kai?

Bayan rasuwarka na sa shi a cikin akwatina. Da na sake dubawa sai na tarar ya tsaya cik. Na ce a raina, ka gani ko, jabu ko juriyar makoki bai yi ba. Sai kuma na zauna na yi kuka mai isata.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya ce ko allura ce sai an san darajarta. Idan agogon abin da kake faɗa ne, ya fi ƙarfin tumunina, sai a sayar a raba, tun da ba a yanka agogo kamar tsire. Idan kuwa jabu ne, yara sun ce a bar mini kayana. Ka ga inda ka sa ni, Malam? In ka yi gaskiya na rasa agogo. In na sami agogo, ka tabbata mai kuri a gaban 'ya'yanka. Ba zan ɓoye maka ba, a hanyar kai shi a duba, addu'a nake Allah Ya sa jabu ne. Ban damu da ƙyallinsa ba, wanda ma ya daɗe da koɗewa. Shi ne kaɗai abin da ya saura a gidan nan da ya san ɗumin jikinka.

Ɗanka Nasiru ne ya kai ni unguwar Koki, wurin wani dattijo mai gyaran agogo. Na ce lalle tsoho nake so, don da tsohuwar zuma ake magani. Shagonsa bai fi ɗakin girkina ba, ko'ina agogo ne, kowanne da nasa lokacin. Bai yi gaggawa ba. Ya fara auna nauyinsa a tafin hannu. Sai ya ɗan girgiza shi a hankali, ya kara a kunne. Malam, agogonka ya tashi! Na ji kamar ka yi gyaran murya a zaure. Ashe ba mutuwa ya yi ba, irin wanda motsin hannu ke sa shi aiki ne, in an ajiye shi sai ya yi barci. Mutane na cewa da jini irinsa ke aiki. Dattijon ya yi dariya, ya ce wani ɗan ƙarfe ne mai kama da rabin wata yake lilo a ciki. Na ji bayaninsa, amma har yau na fi son maganar jinin.

Ya nuna mini hannun daƙiƙa, yadda yake sulalewa, ba ya tsalle irin na mai batir. Nan na fara jin agogo na suɓuce mini. Ya maƙala ɗan tabarau a ido ɗaya, ya buɗe bayan, ya yi ta dubawa har na ƙosa. Ya bar ni na leƙa. Na ga ƙananan jajayen duwatsu kamar ƙwayar gero, da wata tayar da ke kai da komo ba hutawa. Ya ce masu yin jabu fuska suke yi wa kwalliya, ba sa wahalar da kansu a inda ido ba ya zuwa, wannan kuwa har ƙarƙashin ƙusoshinsa a goge yake. Ya duba lambar da ke jikin injin, ya duba ta cikin murfin, ya ce 'yan gida ɗaya ne. Injin nan na asali ne, babu ko tantama.

Na rasa abin da zan ji. Rabina na murna an wanke ka, rabina ya riga ya fara sallama da shi. Nasiru ya kalle ni, na kau da kai don kada ya ga idona.

Sai dattijon ya juya fuskar agogon, ya shiga lissafa ɓarnarka. Gilashin ba nasa ba ne. Kan da ake murzawa na wani agogo ne daban. Hannun minti aro ne. Fuskar ma an sake mata fenti, wanda ya yi kuwa da alama ya fi ƙwarewa a rubutun jikin mota. Maɗaurin ai ba sai an faɗa ba, aikin dukawan garin nan ne. Ina ji ina tuno kowanne: ranar da ka faɗi da keke, ranar da ka mance shi a hannu ka tsoma cikin randa. Ya ce masu neman tsofaffin agogo wanda ba a taɓa ba suke so, wannan kuwa ya sha hannu, ba za su ba da abin da ya isa a tara mutane a raba ba. Yana faɗa yana ba ni haƙuri. Ni kuwa da ƙyar na danne guɗa, don faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwai abin da kunya ta hana ni gaya maka. Ban taɓa gajiya da labarin Balaraben nan ba. Ina ƙaryata ka ne don ka sake faɗa, in ga yadda kake gyara zama kana ture hula gefe. Na so zama da kai, Malam, na kuma ji daɗinsa. Ka sani kuwa? Ina jin ka sani.

Yara sun sa shi a rabona, kowa ya yarda. Na kai wa baduku ya ƙara huda a maɗaurin, don hannuna bai kai naka ba. Yanzu ba ni da damar zama wuri ɗaya in yi ta tunani. In na kwanta da yawa sai ya tsaya, don haka nake shara, nake zuwa barka da dubiya, har maƙwabta na cewa na warware. Mata na yi mini dariya wai na ɗaura agogon maza. Su yi ta yi.

To, ga hukunci ya fito, ba kuma zan ɗaukaka ƙara ba. Gaskiyarka ce, ba a cuce ka a Jidda ba. Ka ci gardama, ni kuma na ci agogo.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taka har kullum,
Asabe, abokiyar gardamarka