Wa Ke Ɗaukar Wayar Gado?

Hajiya Ummukulsum dan Allah ki agazamin, abun ya isheni. Ni ba matsoraci ba na, ki tanbayi kowa daga Aliero har Jega, ni na mutumin da ka cin danyar albasa ukku ido bai kawo ruwa ba. Amma sati ukku kenan in waya tayi kara sai in tashi in bar wurin.

Muna da dan ofis na sayen albasa ni da abokina Gado, shekara sha tara muna tare. Bara niy yi burga, nik kira mai gyara daga Jega yas sa muna wayar tebur mai sim, da wani bakin akwati karami da anka jona mata. Aikin akwatin in anka kira har kara biyar ban dauka ba, sai shi tura kiran ga wayar Gado. Ni kullun ina wurin awo, shiko Gado ko wanka shikai sai ya dauka. Hhh Allah jikanshi. Ya rasu cikin azumi. Akwatin ni na ma mance dashi, shina nan bayan kabad.

Kwatsam sai ga wani manomi Jibrilla daga Gumbin Kure da mota cike da albasa, wai ya kira ofis Gado yace shi kawo Laraba kar shi jira, farashi zai hwadi. Niy yi dariya har da rike ciki, nace ka gaida min mutanen lahira. Baiyi dariya ba. Ashe bai ji rasuwar ba, yayi tahiya. Yace har gyaran muryar nan da Gado kayi kamin shi hwadi farashi yaji. Kuma wallahi Juma'a farashi ya hwadi.

Bayanshi mutun hudu sunka zo da irin labarin nan, na Liba da na Giwa Tazo. Biyu cikinsu da su anka yi jana'izar Gado, sun rantse basu kara kiran ofishina. Na leka gilashin akwatin, ya nuna an dauka, minti biyu, minti hudu, duk da rana tsaka. Abinda ya kashemin jiki, wani na Liba yace muryar ta tanbaishi ko har yanzu sunan Gado na bisa allon shago. Hajiya, ni na sa an shafe sunan da fenti bayan arba'in. Ban hwada ma kowa na gidanshi ba, ban kuma koma gidan ba. Lambar Gado ban kira ba, ba tsoro ba hwa, kati yayi tsada. Mai gyaran ya koma Legas. In cizge akwatin in jefa gulbi ko mi zanyi?

Naki, Gwanin Awo, Aliero.

Gwanin Awo, ka kwantar da hankalinka, mamaci ba ya ɗaukar waya. Akwatin yana yin abin da aka saita shi ne kawai, kuma layin yana hannun wani. Da kamfani ne ya sayar wa baƙo, ba zai san farashin albasa ba, balle allon shagonku. Na fi zaton wani ɗan uwansa ne mai irin muryarsa, wanda ya zauna kusa da shi har ya koyi sana'ar. Idan yana barin mutane su ɗauka Gado ne, ya yi kuskure, kuma dole ya daina.

Kai ma kana da naka. Canza allo haƙƙinka ne, tun da tarayyarku ta ƙare da rasuwarsa. Amma shekara sha tara ta fi ƙarfin a shafe ta ba a gaya wa iyalinsa ba, kuma na lura wannan tambayar ce ta kashe maka jiki, ba muryar ba.

Kada ka jefar da akwatin. Duk mai gyara a Jega zai canza lambar cikin minti biyar, amma ka bari sai ka je gidan tukuna. Ka ɗauki dattijo ɗaya ku tafi bayan la'asar. Ka fara da neman afuwar daina zuwa, sannan ka tambayi wanda ke riƙe da wayar. Idan kuwa aka ciro maka ita a kashe daga ƙasan kayansa, to ka yi masa addu'a a wurin, ka faɗa musu abin da ka yi wa allon. Ko ta ina tambayar ta fito, a gidan nan za ka amsa ta.

Allah ya jiƙan Gado, ya ba ka ƙarfin zuciyar yin sallama a ƙofar gidansa.