Badon Ƙofar Durbi

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da maigidanki Alhaji Sagiru, da yara. Mero mai nono ta kawo mani takardarki, tunda kin san ni da waya ba mu shiri.

Kin ce kin sa an gina rami a lambunki na GRA, kina son a kwaso maki badon kududdufinmu kafin tipa ta gama cike kududdufin da ƙasa. To ban yarda ba. Kududdufi ba a yin shi da gangan, rami ne da gini ya bari. Wanga namu, daga cikinshi ni da ubanki muka ɗebi ƙasar zauren da aka raɗa maki suna. Tun kakanmu badon nan shina nan. Yanzu saura kusurwa ɗaya, gara ya mutu a gidansu da ya mutu a baƙunta.

In kin ƙi ji, don na san jinin, kada ki sa siminti. Yumɓu za ki shimfiɗa, a tattake shi.

Allah shi yi maki albarka.
Baffanki Dabo magini

*

Zuwa ga Baffa Dabo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ciwon ƙafarka ya yi sauƙi.

Baffa, na bi maganarka. Mun tattaka har ni da yara, amma ruwan ya tsiyaye tas. Alhaji ya ce in damina ta kankama ramin bai riƙe ruwa ba, zai sa a mayar da ƙasa ya yi rumfar mota.

Ina ba Mero labari, sai na tuna mashayar shanun rugarsu, inda ruwa ke kwanciya har rani. Na roƙi mijinta Muttaka ya koro mani shanu su tattake yumɓun. Baffa, da ka ga GRA ranar! Maigadi yana ta "Hajiya, da bakinki kika ce a buɗe?" Sun yini suna zagaya ramin, sun cinye mani zogale da furanni kaf. Alhaji ya dawo ofis ya tsaya ya ce, "Safara'u, gidan nawa ne ko na yi ɓatan kai?"

Amma ruwan saman da aka yi na nan kwance. Saura badon. Ni ban san inda saiwarsa take ba, kai ka sani.

Ɗiyarka Safara'u

*

Safara'u,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa. Na tsufa ina kwaɓa ƙasa da ƙafata, shanu na wucewa ta gabana kullum, ban taɓa cewa su taya ni ba. Ke kika ce. Na faɗa wa mutanen majalisa, Isiyaku tela ya yi dariya har ya ƙware.

Da na ji ƙarar tipa na naɗe wando na shiga kududdufin da kaina. Direban shina ta "Baba, fito, za mu juye!" Na ce juye, in ka shirya amsa tambaya. Ya kashe mota ya jira.

Ga bokiti biyu nan. Kada ki wanke laka don tana wari, akwai ƙwai da iri a ciki waɗanda ido ba ya gani. Ki danne saiwar da dutse. Sauran an binne shi a gabana, babu wani badon bayan wanga.

Ba zan zo ba. In ya mutu, kada ki faɗa mani.

Dabo

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shirun, ban samu abin faɗa ba ne. Saiwa ta farko ta ruɓe. Ta biyu ta daɗe ba motsi, har na daina leƙawa.

Sauro ya fara damunmu, Alhaji ya fara auna wajen da ido, sai ga 'ya'yan kwaɗi baƙaƙe ƙirin sun cika ruwan, sauron ya ragu. Wata bushiya ta faɗa ciki ta kasa fita, sai na sassabe gefe ɗaya ya yi gangare. Yanzu kurciyoyi ma a nan suke sha. Maƙwabcinmu ya aiko wai kukan kwaɗi ya hana shi barci, Alhaji da kansa ya ce masa ya rufe taga.

Yau da safe fure ɗaya ya buɗe, fari. Ba na cewa ka zo. Na dai faɗa maka.

Safara'u

*

Ɗiyata,

Na zo jiya kuna wajen biki, maigadi ya buɗe mani. Na zauna bakin ruwan har la'asar. Na ɗebi lakar na shinshina. Ita ce.

Gangaren nan da kika yi, namu ma ba shi da shi.

Ranar Asabar ki bar ƙofa a buɗe, kuma ki dafa da yawa. Zan zo da yaran unguwa. Na tambaye su bado, ɗaya ya ce ko sunan mutum ne.

Allah shi yi maki albarka.
Dabo