Mai Bin Bashin Da Bai Zo Jana'iza Ba

Tambuwal, ranar Lahadi.

Zuwa ga aminina Malam Mannir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yalwa kamar damina mai albarka, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Lauratu da yara, da aikin banki da ba ya barin mutum ya miƙe ƙafa. Ka gafarce ni da na kutso maka da takarda cikin hidimominka. Na so in kira ka, sai dai muryata takan karye in na ambaci Aminullahi, alƙalami kuwa ba ya shaƙewa.

Ranar da muka sallaci ƙanen nan nawa a Kebbe, kafin liman ya ta da kabbara, na miƙe bisa al'ada na ce duk mai bin marigayi bashi ya zo gare ni, na ɗauke masa. Mutum biyu suka fito: wani mai kura da ya yi masa dakon albasa, da Ɗanmaliki mai shayi, wanda ya yafe tun kafin in buɗe baki. Muka rufe marigayin da sanyin zuciya. Ashe akwai mai bin bashin da ba ya zuwa jana'iza.

Ka tuna katin bashi na banki da ka yi masa bayani a ɗakina. Ya riƙe shi kamar ƙwai. Taki da iri kaɗai yake saye da shi, ya biya duka kafin wa'adi ya cika, don kada ko kwabo na riba ya hau kansa. Burinsa banki ya shaide shi da cika alkawari, ya ba shi jarin gina rumbun albasa, ya huta da karyar da ita a arhar lokacin cira. Nakan tsokane shi in ce ɗan kasuwa ya zama bawan roba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, Kebbe kowa ya san ni, na'ura ce ba ta san ni ba. Gabatar da kaina ni kai."

Da ya rasu, Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta rene mu, ta tattara kayansa ta kulle a akwati, har da wayarsa, domin a gidanmu ba a taɓa kayan mamaci sai ranar rabon gado. Rabon kuwa ya jira matarsa Zulfa ta sauka, a san ko namiji ne ko mace. Watanni suka shige. Da ta haihu aka buɗe akwatin, na kunna wayar, saƙonni suka yi ta zubowa kamar ƙanƙara bisa rufin kwano. Takin da ya saya a makon da zazzaɓi ya kayar da shi ne ba a biya ba. Riba ta hau, wata ta hau bisa wata, saƙo na ƙarshe kuma ya ce an sa sunansa cikin masu taurin bashi. Aminullahi, wanda ko goro bai ci na wani ya kwana da shi ba.

Ya yi shuka, bai ga girbi ba,
Ya gina suna, bai ji daɗi ba,
Mu da muka ce ba a bin shi kome,
Ba mu tambayi akwati ba.

Goggo ta san abin da malamai ke faɗa, cewa ran mumini na rataye da bashinsa har a biya. Tana cewa da makullinta ta rataye yaron. Tuwo ya daina wuce mata. Ina roƙonka ka nuna mini ƙofar da zan bi.

Naka har kullum,
Attahiru Abdulhamidu.

Tambuwal, ranar Alhamis.

Aminina Malam Mannir,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Allah ya tsare ka da iyalinka, ya sa kada ka ga irin wagga rana. Amsarka ta zo mini kamar inuwar kuka ga matafiyi.

Na bi shawararka. Na sayar da geron da na noma bana, na je reshenku na Sakkwato ranar da ka tafi taro, na biya har ribar, ina biya ina istigfari a madadinsa. Ma'aikaciyar ta yi mini ta'aziyya da ladabi, amma ta ce ba za a rufe maganar ba sai da takardar shaidar mutuwa. A ɗakinsa ya cika, hannunsa cikin nawa, ba likita ba takarda. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Kebbe da Tambuwal har na samo ta, ga ta nan tare da wannan wasiƙa. Ban taɓa zaton zan nemi hatimi don in tabbatar wa wani cewa ƙanena ya mutu ba.

Zulfa ta tambaye ni ko kyakkyawan sunan da ya tara a banki yana cikin gado, a ajiye wa jaririn. Na ce mata zan bincika, alhali na san amsar.

Goggo ce ta rage. Na nuna mata shaidar biya a waya, ta kawar da kai. A saninta mai bin bashi yakan tsaya gaban shaidu ya ce ya karɓa ko ya yafe, don haka bankin ya zo da kansa ya faɗa. Na yi mata bayanin cewa banki ba shi da bakin da zai zo Kebbe. Da ƙyar ta yarda da takarda mai hatimi, wadda liman zai karanta a zauren gidanmu, mai cewa ba a bin Aminullahi kome kuma an cire sunansa daga wancan jeri.

Don Allah, aminina, ka tsaya a kan wanga al'amari da ƙafarka, ka aiko da takardar tare da amsarka a rubuce, ta hannun direban da ya kawo maka wannan, kada ka jira wani. Goggo ta fara rarraba kwanukanta ga jikoki, ka kuwa san abin da hakan ke nufi ga tsohuwa.

Mai dakon alƙalaminka,
Attahiru Abdulhamidu.