Jikan Majemi Na Neman Launinsa

Hajiya Bashira, mai wannan fili mai albarka,

Ina neman agaji, kuma da gaggawa nake nemansa. Kwana goma sha biyu suka rage a kai ni gaban mahaifin yarinyar da nake so, har yanzu kuwa majalisar gidanmu ba ta cimma matsaya ba a kan fuskar da zan je da ita. Ki yi haƙuri da tsawon bayani. A Jidda aka haife ni, Hausata ta kakata ce da ta rediyo, saboda haka duk ranar da na samu damar rubuta ta, sai in fito da manyan kayan gaba ɗaya.

Ni saurayi ne mai shekara ashirin da shida, mazaunin unguwar Kurayyat a nan Jidda, ma'aikaci a wani wurin shaƙatawa na bakin teku a Abhur, inda muƙamina mai daraja shi ne shimfiɗa tawul da kafa laima. Allah ya halicce ni baƙi, baƙin da ba ya buƙatar shaidu. Haka na zauna lafiya da madubi har zuwa wata biyar da suka wuce, lokacin da na haɗu da Lujain, 'yar wani gida a unguwar Safa, a bikin abokina. Muka yi magana sau uku a gaban yayanta, ta amsa, na sanar da gida cewa ina da niyyar alheri.

Gwaggo Zakiya, yayar mahaifina, wadda ita ce ministar harkokin wajen zuri'armu, ta ƙare mini kallo, ta yanke hukunci cewa niyyata fara ce, sai dai ya kamata fuskata ta bi sahu. Washegari ta kawo mini khalɗa, wato haɗin man shafawa da wata mata ke damawa a gidanta, a kwalba marar suna marar takarda. Na shafa. Ina so tarihi ya rubuta cewa da hannuna na shafa, safe da yamma, ba wanda ya danne ni.

Cikin wata uku fuskata ta yi ƙaura, amma kunnuwana da gaɓoɓin yatsuna suka ƙi bin ayari. Gwaggo ta ɗauki hotona ta aika Safa, iyayen yarinya suka yaba. Lujain, wadda tun lokacin sai ta waya muke gaisawa, ta tambaye ni wane ne ya ɓata hoton da filta. Na ce mata hasken fitila ne. Wannan ƙarya ce, kuma ita kaɗai na taɓa yi mata.

Abu biyu suka farkar da ni. Na farko, sabon mai gadin wurin aikinmu ya riƙe iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, ya daɗe yana duban hoton yana dubana, sannan ya shawarce ni cikin ladabi da in mayar wa yayana katinsa. Na biyu ya fi ciwo. A wurinmu akwai ɗakin da ake dirje baƙi da gishiri da garin kofi, a cire musu mataccen saman fata, sannan su fito su shanya kansu a rana kamar kilishi domin su yi duhu. Wani Bature da aka gama dirjewa ya kira ni in gyara masa laima, ya nuna kunnena, ya ce da zai samu rabin wannan launi da hutunsa bai tafi a banza ba. Hajiya, mutum ya ƙetare teku yana neman rabin abin da nake kashewa da hannuna. A ranar na rufe kwalba. Halas.

Daga nan na koma ga ilimin magabata. Kakana Usuman majemi ne. Da ƙafa ya zo aikin hajji, ya zauna, ya ci da iyalinsa da jimar fatun ragunan hadaya. Gwaggo ta gaya wa mutanen Safa cewa tajirin fatu ne, alhali kakata ta ce warin aikinsa yakan riga shi shiga gida. Kakar tawa ce ta koya mini ƙa'idarsa, cewa fata ba ta shan bagaruwa sai an kankare ta. Masu dirjewar Abhur ma haka suke faɗa game da rana. Da na ga Gabas da Yamma sun yi ijma'i, sai na ɗaura ɗamara.

Ranar Juma'a na tanadi sabulun Maroko, da soso mai kaushi, da gishiri, da dilkar ƙanwata Nuf wadda na ara ba da saninta ba. Na dirje fuskata har sai da hannuna ya gaji, na hau rufin gidanmu bayan an sauko daga masallaci, na miƙa kaina ga ranar Jidda minti arba'in. Sakamakon wannan gagarumin shiri shi ne yanzu launi uku gare ni, kamar tutar wata ƙasa. Goshina na saɓa, kumatuna na raɗaɗi, ƙuraje sun kafa sansani a haɓata.

Mahaifiyata ta yi kuka. Gwaggo ta dawo da kwalbar da ta fi ta farko girma, ta ce idan ban koma shafawa ba ita ba za ta taka Safa ba, Baffa Hamad kuma, wanda shi ne zai nema mini aure, ba ya zuwa inda yayarsa ta ƙi. Na ba ta amsa a tsaye cewa ba zan shafa ba. Ba zan shafa ba ko da ni kaɗai zan je a tasi. Da fuskar Usuman zan shiga falon nan, in kuma ambaci sana'arsa tun kafin a zuba gahawa.

Abin da nake roƙo ƙanƙani ne. Ki faɗa mini sau nawa zan dirje, da mene ne, kuma awa nawa zan yi a rana, domin baƙina ya dawo cif kafin ranar, ta yadda Lujain ba za ta taɓa sanin na bar shi ba.

Naki cikin girmamawa,
Jikan Majemi, Kurayyat

*

Ɗana Jikan Majemi,

Na yi dariya, sannan na tsorata. Ajiye soson nan yau, ka sauko daga rufi. Fatar da kakanka yake kankarewa ta riga ta rabu da mai ita. Taka tana jikinka, kuma a yanzu ciwo take.

Dirjewa ta mai lafiyar fata ce, a hankali, sau ɗaya ko biyu a mako, ba a yin ta a kan ƙuna ko ƙuraje. Irin haɗin da ka shafa sau da yawa yana ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ke sirantar da fata, shi ya sa rana ta cinye ka a minti arba'in. Idan ka ci gaba, tabo za ka samu, wanda zai iya shekara bai tafi ba. Ka ɗauki kwalbar ka kai wa likitan fata a makon nan, ka faɗa masa tsawon lokacin da ka yi kana shafawa da ranar da ka daina, domin wasu haɗe-haɗen ba a yanke su lokaci guda. Kafin nan, ruwan sanyi, man shafawa marar turare, man kariya daga rana, da malafa a wurin aiki. Launinka zai dawo da kansa, amma da watanni ake lissafinsa. Kwana goma sha biyu ba za su isa ba, kuma ba wanda zai gaya maka sun isa sai mai sayar da wata kwalbar.

A kan ƙin shafawa, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Amma ka sassauta wa Gwaggo Zakiya. Matar nan a garin nan ta girma, ta ji sunayen da ake kiran baƙar fata da su tun tana makaranta, tsoro ne ya sa ta ɗauko kwalba, ba ƙiyayya ba. Ta yi kuskure, kuskuren mai son ka. Ka je gidanta ka gaishe ta a zaune, ba da jawabi ba, ka nuna mata takardar likita, ka ce ba ka son zuwa Safa babu ita. Batun kakanku kuma, ka roƙe ta ta gyara maganar da bakinta kafin ranar. Idan an tambaye ka, ka faɗi gaskiya a jimla ɗaya. Falon surukai ba wurin lacca ba ne.

Yanzu ga abin da ka ɓoye a layin ƙarshe. Ka shirya yaƙi da gwaggo da baffa da ranar Jidda, duk don ka guje wa kiran waya ɗaya. Sake karanta wasiƙarka. Lujain a baƙinka ta gan ka, a baƙinka ta amsa, kuma ita kaɗai ce ta dubi sabon hoton ta ce an ɓata shi. Kira ta gobe. Faɗa mata ba fitila ba ce, faɗa mata abin da ka shafa da abin da ka yi a kan rufi. Wataƙila ta yi fushi da ƙaryar, tana da haƙƙi. Bayan haka ku bar manya su zaɓa, ko a je a ranar da tutarka mai launi uku, ko a ɗaga wata guda. Duka biyun sun fi shiga aure da abin ɓoyewa.

Ka biya Nuf dilkarta da haƙuri. Idan mahaifin yarinya ya nemi ganin hotonka na gaskiya, ga iƙamarka nan a aljihu.

Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan Usuman, ya sa mu ji alheri daga Safa.

Hajiya Bashira