Rasuwar Injiniya Balkissa Tanimu a Bayan Motar da Aka Rufe wa Ido

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Masu Gyaran Lantarkin Mota ta Yamai ta samu labarin rasuwar malamarta kuma mataimakiyar shugabanta, Hajiya Injiniya Balkissa Tanimu, 'yar asalin Tawa, wadda wani kamiyon dakon itace ya taka yana ja da baya a kasuwar Katako ranar Talata da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya Hajiya ta ƙi kujerar ofis a unguwar Plateau, ta zauna tare da mu cikin baƙin mai tana koya mana ɗaura rada, wato 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a bayan babbar mota, mai aika igiyoyin da ido ba ya gani su taɓo mutum ko amalanke su dawo, ta yi ƙara direba ya taka birki. Ruwan sama ba ya hana ta gani, haka ma duhu. Abu guda ke makantar da ita, kuma Hajiya ta faɗa har muryarta ta dushe cewa kada a rufe ta da ƙarfe.

Amma ina! A Katako mutane ba sa yankewa a bayan mota, sai direbobi suka ce kukanta ya ishe su. Masu motoci suka kira masu walda aka liƙa mata farantin ƙarfe, aka zana furanni da sunan maigida a kai, wai ado. Kamiyon da ya kashe Hajiya, da hannunta ta ɗaura masa rada bara, amma ita ma aka rufe ta da farantin ƙarfe. Wannan ganganci ne, kuma ranmu ya ɓaci matuƙa, domin har yau irin waɗannan motoci suna shige da fice tsakanin 'yan dako da mata masu talla.

Muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba maigidanta Malam Mu'azu Dauda, mahaifiyarta Inna Delu, da 'ya'yanta Huda da Madina juriyar wannan babban rashi.

Ga masu girma masu motocin da suka aiko cewa za su kawo buhunan shinkafa don sadakar uku, iyalan marigayiya sun ce a bar su, akwai abinci a gidan. Wanda yake son yin ta'aziyya ya kawo motarsa garejinmu mu cire farantin, sannan ya wuce ya gaida Inna Delu.

Alhaji Habibu Amadu Maigareji
Kakakin Ƙungiyar Masu Gyaran Lantarkin Mota ta Yamai