Gargaɗin da Bai Shigo Ɗakin Mai Jego Ba

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da lafiyar jama'a a wannan yanki namu na Gusau, Tsafe da Bunguɗu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma rabin lokacin labari nake ba 'yan ajin, malama tana harara ta. Ban san sunanka ba, ban taɓa ganin fuskarka ba, amma na tabbata na haife ka. Don haka gyara zama ka saurara.

Bari in fara da kacici-kacici, haka na saba da jikokina. Wace baƙuwa ce ta shiga mota a Tsafe ba wanda ya matsa mata wuri, ta yi kwana biyu a Gusau, ta isa gidan suna a Bunguɗu ba sallama, har ta riga dangin uba ɗaukar jariri? Kada ka tara ma'aikata a yi mitin a kanta. Mura ce, kuma a ƙirjina ta yi tafiyar.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen daminar nan aka aiko mini cewa Ige, ƙawata tun muna 'yan mata, tana kwance a Tsafe da mura da zazzaɓi. Ran Litinin na tafi dubiya. Na tarar da ɗakinta cike da mata, an saki asabari an toshe taga don kada iska ta taɓa ta. Ta ƙi shan kunu, sai na yi mata dabarar da muke yi wa mara lafiya: ni ludayi ɗaya, ita ludayi ɗaya, da ludayin guda, har ƙwaryar ta ƙare. Washegari na raka ta ɗakin shan magani. A bangon wurin ne na ga takardarku. An zana alade, an zana wani mutum da ƙyalle a baki, sauran duk Turanci. Na ce wa Ige aladen nan ya yi kama da wani tsohon saurayinta mai sayar da manja. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Wata mata a layi ta ce, "Wannan ta masu cin naman alade ce, mu ina ruwanmu." Duk muka ce gaskiya ne.

Ran Laraba na dawo Gusau. Ran Juma'a aka yi sunan ɗan ɗiyata Habsatu a Bunguɗu, namiji bayan mata uku. Na tashi da kaikayin maƙogwaro da sanyi a ƙashi. Na haɗiyi ƙwaya biyu na ɗaura kallabi na tafi. Kai ma ka sani, kakar da ba ta je suna ba, shekara za a yi ana maganarta. Ina shiga na karɓe yaron na ce a ba ni angona, na gaji da kishiyoyi. Na yi masa tofi. Na goge masa fuska da gefen mayafina, mayafin da na yi ta atishawa a ciki tun daga tasha. Kuma na zauna a gidan don in riƙa yi wa Habsatu wankan jego, ɗaki ɗaya muke.

Kwana huɗu bayan suna yaron ya ƙi nono, numfashinsa ya koma sauri-sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki. Mun ƙara kwana biyu muna shafa masa man shanu, kuma ni ce na ce a jira, ai na raini yara tara. Da muka kai shi asibiti a Gusau, wata ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko akwai mai tari a gida. Ga ni kuwa tsaye ina tarin a gabanta. Ba ta zage ni ba. Ta zaunar da ni ta ce irin wannan mura a wasu ƙasashe takan fara ne daga aladu ko tsuntsaye, amma in ta shiga mutane ba ta ƙara neman dabba. Tari da atishawa da hannu da ƙoƙon sha sun ishe ta. Ta ce ba cutar cin nama ba ce. Ta ce ko ita ce wannan ko wata 'yar uwarta, ba a auna ba, amma hanyar kariyar duk ɗaya ce, kuma duk tana rubuce a takardar nan da muka yi wa dariya.

Yaron ya cika yana da kwana goma sha shida. Ni da Ige, tsofaffi biyu da ba mu da haƙoran cin goro sai an gurza, mun tashi ras.

Na san ajali, ranka ya daɗe, ba sai an karantar da ni ba. Habsatu ma haka ta ce mini, "Inna, kwanansa ne ya ƙare, ki daina." Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Laifina na ɗauka, ba na neman mai taya ni. Amma akwai naku, ga shi:

Na ɗaya. Kun san cutar tana yawo, tunda har kun manna takarda. Amma da wane harshe? Ni da nake taƙama da boko a unguwarmu, ban karanta ko kalma guda ba. Mutumin da ya zaɓi hoton alade don ya gargaɗi matan Tsafe, ina son in gan shi in tambaye shi ko a garin nan aka yanke masa cibiya. Hoton nan bai tsorata kowa ba, hankali ma ya kwantar mana.

Na biyu. An ce mini motarku mai lasifika ta zagaya. Na bincika. Ta bi bakin titi, ta tsaya a tasha da ƙofar kasuwa, ta tafi. Maza sun ji, sun dawo gida ba su faɗa ba, don a wurinsu mura maganar mata ce. Mu kuwa da muke jinya, muke dubiya, muke ɗaukar jarirai, muna can cikin gida ƙarar turmi ta hana mu ji.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ko da an ce mana mai mura ta zauna a gida, ba wanda ya ba mu abin da za mu kare kanmu da shi a wurin dangi. Makon jiya aka yi suna a Mada, gidan ƙanen marigayi maigidana. Ina da ragowar tari, sai na ƙi zuwa, na aika da turmin atamfa. An maido mini da saƙo cewa tunda aka ba mu jiha, mutanen Gusau sun fara jin kansu. Bakina ni kaɗai bai isa ya wanke ni ba. In maganar ta fito daga ofis ɗinku da kuma bakin limamai, za a yarda cewa ƙin zuwan ma zumunci ne.

Saboda haka ga roƙona. A cire aladen nan daga bango. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a kuma faɗa a rediyo da hantsi, lokacin da mata ke aiki da rediyon a gefe: mai tari ta rufe baki, ta wanke hannu da sabulu, ta ware ƙoƙonta da ludayinta, a buɗe taga, kuma kada ta kusanci jariri ko mai ciki ko tsoho sai ta warke. A faɗa ƙarara cewa jaririn da numfashinsa ya yi sauri ba a kwana da shi a gida, ko kakarsa ta rantse ta raini ɗari. A tara ungozomomi da masu kitso da masu wankan jego a koya musu, don su ne ke shiga inda motarku ba ta shiga.

In kuna neman wadda za ta fara, ga ni. Ba na son komai. Bakina dama bai taɓa hutawa ba, kuma babu gidan da za a hana ni shiga daga nan har Ruwan Ɓore. Zan ba su labarin nan da sunana a ciki, ba zan ce wata ce ba. Amma a yi da wuri: matar ɗana tana da ciki wata takwas, kuma tsofaffin da za su cika ɗakinta irina ne, masu son jarirai da hannu da baki.

Allah Ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, Ya tsare iyalinka, Ya ba ka jikoki masu yawa ka ga aurensu. Allah Ya sa angona ya cece mu ranar gobe, har da ni.

Wassalam.

Inna Kulu,
Gusau.