Dangwalen da Ke Kan Takardar Fili

Kaduna, 3 ga Maris, 2023

Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ce Rauda, 'yar marigayi Alhaji Nagoda. Jiya na je Tudun Wada duba mahaifiyarmu, sai na tarar da magina suna ɗora bulo a filin babanmu. Da na tambaya aka ce kai ne mai aikin. Filin nan gado ne, ba a raba shi ba, kuma ban sayar wa kowa kasona ba. Ka sallami maginanka. Kada ka neme ni a waya, lauyana ya ce komai a rubuce.

Wassalam,
Hajiya Rauda Nagoda

Tudun Wada, 9 ga Maris

Hajiya Rauda,

Wa alaikumus salam, da fatan kina lafiya. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin jinya, kuɗin sallamata na kwashe kaf na sayi filin nan daga hannun yayanki Kailani, shekara huɗu ke nan, a gaban mai unguwa da shaidu. Har na tambaye shi, "Ina sauran magada?" Ya ce, "Duk mun amince, gobe zan kawo maka." Ya kuwa kawo takardar da sa hannunsa, da dangwalen yatsanki a ƙarƙashin sunanki. Ga kwafinta nan. Ina kike duk shekarun nan, sai da gini ya kai linta? Mai gidan da nake haya ya ba ni notis, ina da iyali tara. Bulo ɗaya ba zan sauke ba.

Ki huta lafiya,
Isiyaku Auwal

Kaduna, 20 ga Maris

Malam Isiyaku,

Sallama. Na ga takardar taka. Ni malamar makaranta ce, tun da nake ban taɓa dangwala yatsa a madadin sa hannu ba. Ranar da aka rubuta a jikinta ma ina Makka, fasfona na nan. Mai ilimi kamarka ya ga haka bai yi tambaya ba? Araha ka gani, ka kau da kai. Sammaci na nan tafe.

Wassalam,
Rauda

Tudun Wada, 14 ga Yuni

Kailani,

Ban ga dalilin doguwar gaisuwa ba. Zama uku ke nan a kotu, ba ka halarci ko ɗaya ba, in na je shagonka a ce ka tafi Kano. Alƙali ya tsayar min da aiki, damina ta sauka a kan ginin da ba rufi, siminti buhu arba'in ya daskare. Masu bincike sun tabbatar yatsan ba na ƙanwarka ba ne, ba kuma naka ba. To ka sani, lauyana zai roƙi a ɗauki yatsan duk mutanen gidanku, babba da yaro, har a gano mai shi. Wanda aka kama gidan yari zai tafi, kai ma kana biye da shi.

Isiyaku

Tudun Wada, 18 ga Yuni

Rauda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara. Tunda kin toshe lambata, ga shi a rubuce. Yatsan na Inna ne, mahaifiyarmu. Ban yaudare ta ba, sai da na karanta mata takardar duka. Na ce, "Inna, a jira Rauda ta dawo." Ta ce, "Rauda na gidan mijinta, tana da albashi, me za ta yi da kango? Kawo tawadar." Da kuɗin aka gyara ɗakunan da kike sauka in kin zo, sauran na zuba a shago. Na san za ki ce ƙarya nake. Ki je ki tambaye ta. Tun da ta ji zancen ɗaukar yatsu ta daina cin abinci. Shekararta tamanin da ɗaya. In kina so ki ga an tsayar da ita gaban alƙali, ki ci gaba, ke ce mai ƙara.

Yayanki,
Kailani

Kaduna, 2 ga Yuli

Malam Isiyaku,

Sallama. Na janye ƙarar, lauyana zai aiko maka da takarda. Kada ka ɗauka ka yi nasara, kada kuma ka aiko min da godiya. Na je na tambayi wadda ta dangwala. Ba ta musa ba, ba ta ce in yi haƙuri ba, cewa kawai ta yi, "Ashe har kotu za ki kai ni?"

Ka rufa gininka, ka zauna da iyalinka. A duniya na bar maka. Amma kasona yana ƙarƙashin ɗakunanka, kuma ban yafe ba, da kai da Kailani. Ita kaɗai na yafe wa, ita ma don ba yadda zan yi.

Wassalam,
Rauda Nagoda